Yadda ake auna jini sukutum a ɗakin gwaji, daga jijiya har takardar sakamako

Wata ranar Afrilu da azahar wani ɗan kabu-kabu ya shigo ɗakin gwajin da nake aiki a nan Sakkwato, ya zaro kwalbar jini daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo mini. Kwalbar ta yi ɗumi a hannuna. Tun da hantsi aka ɗebi jinin a wani ƙaramin asibiti na ƙauye, ana son a san sugan wani dattijo, kuma ba a kwalbar suga aka zuba shi ba. Ban auna ba. Na rubuta dalili a takarda na ce a sake ɗiba. Ran ɗan kabu-kabun bai so ba, ni ma ban ga laifinsa ba, don ya sha rana.

Dalilin ƙin aunawar shi ne ƙwayoyin jini ba sa mutuwa don an fitar da su daga jiki. Suna nan cikin kwalba suna cin sugan da ke kewaye da su, kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 duk awa a ɗaki mai matsakaicin yanayi. A bazarar Sakkwato da zafi ke haura digiri 40 kuwa, cin ya fi haka. Ka ɗauka sugan dattijon milimol 8.0 ne a lita da safe. Bayan awa huɗu zai iya fitowa wajen 6.2, ƙasa da 7.0 ɗin da ake yanke hukuncin ciwon suga da shi. Sai a sallami mai ciwo a ce masa lafiyarsa lau. Na'ura abin da aka ba ta take aunawa, ba ta da labarin abin da ya sami jinin a hanya.

Abin da nake kira jini sukutum shi ne jini yadda ya fito, ba a raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba. Da shi ake auna yawan jini, da ƙidayar ƙwayoyi, da zazzaɓin cizon sauro, da jinotaif, da sugan yatsa, da gubar dalma. Na rubuta wannan ne don ɗalibai masu sanin makamar aiki da sababbin ma'aikata, musamman na ƙananan asibitoci inda ba ka da wanda za ka juya ka tambaya.

Mataki na farko: mutumin da ke zaune gabanka

Kada ka kira suna ka jira ya gyaɗa kai. Tambaye shi sunansa ya faɗa da bakinsa, ka gwada da takardar likita, ka ƙara da lambar kati. A layi ɗaya za ka iya samun Abubakar Bello uku da Hauwa'u Shehu biyu, kuma da yawan dattawanmu ba su riƙe shekarunsu ba, saboda haka lambar katin ce madogara. Rubuta suna da lamba da kwanan wata da ƙarfe nawa a jikin kwalba nan take, mai jinin yana kallo. Kwalba marar suna ba a auna ta, ko wa ya kawo.

In gwajin yana buƙatar rashin ci, awa 8 ne mafi ƙaranci, ruwa zalla kaɗai aka yarda. Nan ake yawan zamewa. Ka ce, "Inna, kin ci wani abu yau?" Ta ce, "Wallahi ɗana ban ci komi ba, kunu ɗai nis sha." A wurinta ci shi ne tuwo. Saboda haka ka jero mata: kunu, koko, fura, shayi, dabino, goro. In ta sha, kada ka yi mata faɗa. Ko ka ba ta gobe da safe, ko ka auna ka rubuta ƙarara cewa ba a kan yunwa aka yi ba.

Tambaya biyu kuma kada su wuce ka: an yi ƙarin jini cikin wata uku da suka shige? An sha maganin zazzaɓi kwanan nan? Amfaninsu yana zuwa a gaba.

Mataki na biyu: kwalba

Jini yana daskarewa cikin 'yan mintuna in ba a sa masa abin hana shi ba, kuma kowace kwalba da irin maganinta. A tsarin kwalaben da ke zuƙar jini da kansu, mai murfi ruwan hoda mai duhu ko shuni-shuni ita ce ta EDTA, ta awon yawan jini da ƙidayar ƙwayoyi da jinotaif. Mai ruwan toka tana da fuloraid, ta suga ce. Koriya ta hefarin ce. Shuɗiya mai haske ta sitiret ce, ta gwajin daskarewar jini, kuma dole a cika ta daidai layi domin awon kashi 9 na jini ne da kashi 1 na magani. Ja ba ta da komai, jini ya daskare a cikinta a ɗebi ruwan.

Amma kada ka rantse da kalar murfi. Kwalaben roba masu murfin murɗawa da ake sayarwa a kasuwanninmu kalolinsu sukan saɓa wa wannan tsari, kamfani da kamfani. Na sha ganin ɗalibi ya ɗauki koriya yana zaton hefarin ce alhali EDTA aka rubuta a jikinta. Karanta rubutun, ka duba ranar lalacewa, kowace rana.

In za ka cika kwalba fiye da ɗaya, ga jerin: ta shukar ƙwayoyin cuta, sai sitiret, sai ja, sai hefarin, sai EDTA, fuloraid a ƙarshe. EDTA tana ɗauke da fotashiyam kuma tana kama kalsiyam. Ɗigonta kaɗan in ya shiga kwalbar gishirin jini, sai fotashiyam ya haura sama, kalsiyam ya faɗi ƙasa, likita ya tashi hankalinsa a kan cutar da babu ita.

Mataki na uku: ɗiba daga jijiya

Wanke hannu, sa safar hannu. Zaunar da mutum a kujera mai majingina, don ƙato ma yakan sume in ya ga jininsa. Ɗaure dantse sama da gwiwar hannu da kamar yatsu huɗu, ka laluba jijiyar tsakiyar lanƙwasar hannu da yatsanka. Taɓawa ta fi gani, jijiya mai kyau tana tasowa ƙarƙashin yatsa kamar roba. Goge wurin da sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka bar shi ya bushe da kansa kamar daƙiƙa 30. Kada ka hura masa iska da baki.

Soka allura bakinta na kallon sama, a kwance-kwance, tsakanin digiri 15 da 30. Allura mai lamba 21 ga babba, 23 ga yaro ko mai siririyar jijiya. Da jini ya fara shigowa ka kwance ɗaurin. Kada ɗauri ya wuce minti ɗaya, kuma kada ka sa mutum ya yi ta dunƙule hannu yana buɗewa, duka biyun suna canza sakamako. In da sirinji kake aiki, ja a hankali, sannan ka cire allurar kafin ka zuba jinin ta gefen kwalba. Tura jini da ƙarfi ta cikin allura yana farfasa jajayen ƙwayoyi.

Cika kwalba zuwa layinta. Jini kaɗan a kwalbar EDTA yana nufin magani ya yi masa yawa, ƙwayoyin su tsuke, awon yawan jini ya fito ƙasa da gaskiya. Rufe ka kifa kwalbar ka miƙe ta a hankali sau 8 zuwa 10. Juyi ake yi, ba girgiza irin ta kwalbar magani ba.

Hannun da ake ƙarin ruwa a cikinsa ba a ɗiba daga shi. Ruwan yana tsinka jinin, in kuma mai suga ne za ka ga lambar da za ta firgita ka. Koma ɗaya hannun.

Allura ba a mayar mata da murfi. Daga hannun majinyaci sai akwatin allurai, kuma in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. In ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa mai gudu, ka kai rahoto a take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, da wuri ya fi. Wanda bai yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ina roƙonsa ya yi kafin ya kama wannan aiki.

Hudar yatsa

Yatsan tsakiya ko na zobe, a gefe, ba a kan tsakiyar tsoka ba. Jariri kuma gefen dunduniya. Share ɗigon farko da busasshiyar auduga, ka yi aiki da na bayansa. Kada ka yi ta matsar yatsa kamar mai tatsar nono, ruwan nama ne zai gauraya da jinin. Da hunturu yatsun yara kan yi sanyi jini ya ƙi fita. Sa uwar ta riƙe hannun cikin tafinta ta murza ya yi ɗumi tukuna.

Awon yawan jini

Wannan shi ne gwajin da muka fi yi, wanda ake rubutawa PCV, kuma a kansa ake yanke shawarar ƙarin jini. Shi ya sa zan daɗe a kansa.

Ɗauki siririn bututun gilashi mai tsawon milimita 75. Mai jan zobe yana da hefarin, na jinin yatsa ne. Mai shuɗin zobe ba shi da komai, na jinin kwalbar EDTA ne. In daga kwalba za ka ɗiba, sake juya ta sosai, domin jini in ya zauna ƙwayoyinsa suna kwantawa ƙasa, wanda ya ɗebi na sama zai ce mai lafiya ba shi da jini. Cika bututun kashi uku cikin huɗu, goge bayansa, toshe baki ɗaya da danƙon toshewa. Wasu da wuta suke liƙe bakin. Ban so, zafin yana ɓata jinin da ke kusa kuma gindin ba ya fita daidai.

Jera bututun a injin juyawa, toshen yana kallon waje yana taɓa robar gefe, wani bututun yana fuskantarsa don nauyi ya daidaita. Rubuta lambar ramin kowane majinyaci kafin ka rufe. Ɗaure murfin ciki. Minti 5 cif. In wuta ta ɗauke a tsakiya, kada ka karanta haka nan, ƙwayoyin ba su gama danƙaruwa ba kuma lambar za ta fi gaskiya yawa. Tayar da janareta ka sake daga farko.

In ka fito da shi za ka ga hawa uku: ja a ƙasa, wani siririn farin zobe a tsakiya, sai ruwa kalar ƙaiƙayi a sama. Ɗora shi a ma'auni, gindin jan a layin sifiri, saman ruwan a layin 100, ka karanta inda jan ya ƙare, ban da farin zoben. In ma'aunin ya ɓace, rula ta isa. Ja milimita 21, duka milimita 60, ka raba ka ninka da 100, ya ba ka kashi 35. Karanta da wuri, in bututu ya daɗe a kwance kan jan yakan karkace.

Kafin ka jefar da bututun, ɗaga shi ga haske. Ruwan sama in ya yi ɗorawa sosai, akwai alamar shawara. In ya yi ja-ja, ƙwayoyi sun fashe, ko a jiki ko a hannunka. In farin zoben ya yi kauri, fararen ƙwayoyi sun yi yawa, a yi ƙidaya. Rubuta abin da ka gani a ƙasan sakamako, likita zai gode maka.

Lafiyayyen namiji yakan kasance tsakanin kashi 40 da 54, mace wajen 36 zuwa 46. A ƙiyasi, PCV ninki uku ne na himogulobin, sinadarin da ke ba jini jan launi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ƙarancin jini in himogulobin ya gaza giram 13 a desilita ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, ƙasa da 7 ga mai ciki kuwa ya tsananta. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da PCV ɗinsa ya kai 15 ko ƙasa, ba takarda za ka miƙa wa uwarsa ta je ta bi layi ba. Tashi da ƙafarka ka je ka faɗa wa likita.

Abu biyu na iya ruɗin ka. Wanda jikinsa ya bushe da zawo ko zafin rana, PCV ɗinsa yakan hau, ya ɓoye ƙarancin jini. Matar da ta zubar da jini wajen haihuwa yanzun nan kuma, lambarta na iya fitowa daidai a awannin farko, domin ruwa da ƙwayoyi tare suka zube. Kada a yi wa rogo kallon kitse, a sake awo bayan 'yan awanni.

Suga

Da na'urar hannu, wanke yatsa da sabulu da ruwa ya fi goga da sifirit. Wanda ya ɓare dabino ko ya sha mangwaro ko rake, sauran zaƙin da ke fatarsa kaɗai ya isa ya ɗaga lamba. Zaro tsinke ɗaya ka rufe gwangwanin nan da nan. Yawancin tsinkayen nan an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, ɗakunanmu kuwa daga Maris zuwa Mayu sun wuce nan. Nemo musu wuri mafi sanyi a ɗakin, nesa da taga, kuma kada su kwana a mota. Duk sabon gwangwani a gwada shi da ruwan gwaji na kamfanin.

Duba ma'aunin da na'urarka ke nunawa. Milimol ɗaya a lita daidai yake da miligiram 18 a desilita, saboda haka 7.0 shi ne 126. Rubuta lamba tare da ma'auninta. Ƙasa da 3.9 suga ya faɗi. A yaro mai zazzaɓi mai tsanani da ya suma, wannan awo na minti ɗaya na iya zama abin da zai cece shi. Ka kuma san cewa ƙarancin jini sosai yana sa wasu na'urorin hannu su nuna sama da gaskiya. Ba a ɗora wa mutum ciwon suga da awon yatsa ɗaya, sai an tabbatar da jinin jijiya a kwalbar fuloraid. Ita ma fuloraid ɗin takan ɗauki har awa huɗu kafin ta gama tsayar da cin sugan, don haka a raba ruwan jinin da wuri in da hali.

Akwai gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, kashi 6.5 zuwa sama alamar ciwo ce. Ba a dogara da shi ga mai sikila ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan.

Zazzaɓin cizon sauro

Daga Agusta zuwa Oktoba wannan ne ke cika mana benci. Gwajin gaggawa jini kaɗan yake so, wajen maikurolita 5, da ɗigon ruwansa adadin da kamfani ya rubuta, a karanta a lokacin da aka ƙayyade, galibi minti 15 zuwa 20. In layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya ɓaci. Irin da aka fi amfani da shi yana iya ci gaba da nuna akwai cuta har makonni bayan an warke, shi ya sa na ce ka tambayi maganin da aka sha.

A madubin duba ƙwayoyin cuta kuma shafi biyu ake yi a gilashi. Mai kauri, ɗigo ne a baza shi ya yi faɗin santimita ɗaya, kaurinsa yadda za ka iya hango rubutun jarida ta ƙarƙashi. Siriri kuma a ja shi da bakin wani gilashin ya ƙare kamar harshe. Siririn ake tsomawa a metanol, mai kaurin ba a taɓa shi da shi. Bar su su bushe a inuwa a rufe. Ƙuda yana lashe jinin, ƙurar hunturu tana zama ɗige-ɗigen da sabon ido zai ɗauka ƙwayar cuta ce, rana kuma tana gasa mai kaurin ya ƙi rinuwa. Rina da Giemsa kashi 10 na minti 10, a ruwa mai awon pH 7.2. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya maye gurbin wannan, kala za ta fita ba daidai ba.

Kada ka ce babu sai ka duba fili 100 aƙalla a madubin. In akwai, ƙirga ƙwayoyin cutar a kan fararen ƙwayoyi 200, ka ninka da 8,000, ka raba da 200. Guda 150 sun zama 6,000 a maikurolita. Wannan lamba ta fi wa likita amfani a kan rubuta alamar tarawa (+) ɗaya ko biyu.

Jinotaif da dalma

Jinotaif da jinin EDTA ake yi, a sa shi a takardar gwaji wutar lantarki ta rarraba shi, tare da jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatance. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku, jinin wani ne zai bayyana tare da nasa, mai SS ya fito kamar AS. Aure ake ɗaurawa a kan wannan takarda, in kana shakka ka sake.

Dalma kuwa kusan dukkanta a cikin jajayen ƙwayoyi take maƙalewa, shi ya sa jini sukutum ake aunawa. Mu nan ba labarin nesa ba ne. A 2010 a Zamfara, wadda sai 1996 aka cire ta daga jihar Sakkwato, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara gano yawan mace-macen. Ƙaramar na'urar da aka yi aiki da ita a ƙauyukan tana tsayawa a maikurogiram 65 a desilita, yara da dama kuma sun zarce abin da take iya karantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a nemo inda dalmar ke fitowa, daga 45 kuma a yaro ana maganar maganin fitar da ita. In an kawo yaro daga yankin haƙar ma'adinai yana jijjiga, gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba, ka tuna wa likita da dalma. Wasu nau'o'in kwalli ma suna ɗauke da ita. Ƙurar da ke yatsa tana ɗaga lamba, saboda haka a wanke hannun yaro da sabulu sosai, in ya fito sama a tabbatar da jinin jijiya.

In za a aika da jinin wani wuri

Mai aiki a Illela ko Tambuwal ko Isa da zai turo jini Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya fara tambayar masu karɓa irin kwalbar da suke so da lokacin da suke rufe karɓa. Jinin EDTA na ƙidaya a auna shi cikin awa 4 zuwa 6, in zai wuce haka a sa shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ya haura kwana ɗaya. A cikin kular sanyi za a sa shi, a tsaye, da kwali ko tsumma tsakaninsa da ƙanƙara, domin in ya zama ƙanƙara ƙwayoyin sun fashe ke nan. Jinin da za a auna wa fotashiyam shi kuma ba a sa shi a sanyi sai an raba ruwansa, sanyi yana sa ƙwayoyi su saki fotashiyam. Shafin zazzaɓi a yi shi a can inda aka ɗiba, a aiko da busasshen gilashi a naɗe da takarda. Takardar likita a sa ta a leda daban, a rubuta ƙarfe nawa aka ɗebi jinin da lambar wayar asibitin, a kuma gaya wa ɗan kabu-kabun kada ya tsaya ɗaukar fasinja a hanya.